Ranar da na yi wa bijimai kwalliyar amarya

"Kai ɗan nan, me ka yi wa shanuna?"

Haka Baffa Ardo ya faɗo shagona na ɗaukar hoto a Kazaure jiya da hantsi, ko sallama bai ƙarasa ba.

Shekaranjiya na je rugarsa a Roni, na ɗauki hotunan bijiman da zai tura wa wani dillali a Legas. Don in huta, sai na zuba su duka a kwamfuta na gyara a lokaci guda. Ashe ban cire saitin hotunan wata amarya ba: a ƙara hasken fata, a goge tabo, a rage ƙiba. Ko dubawa ban yi ba na tura.

Baffa ya miƙo min wayarsa. Wallahi baƙin bijimi ya koma ruwan toka, fuska sumul, ciki ya shafe.

"Dillali ya ce ba ya sayen marasa lafiya. Wata huɗu ina ɗura musu dusa, kai ka ramar da su da yatsa ɗaya!"

Na durƙusa na ba shi haƙuri, muka tura hotunan asali. Dillali ya kira yana dariya, ciniki ya faɗa.

Har Baffa ya miƙe, sai idonsa ya kai kan hoton ƙarshe cikin waɗanda na gyara, inda shi ma ya fito a gefe, fuskarsa kamar ta ɗan shekara talatin.

Ya rage murya ya ce, "Wannan kar ka taɓa shi. Wanko min biyu, mai ɗakina za ta gani."

Jama'a, wa gaggawa ta taɓa kunyatawa haka a wajen aiki? Ku faɗa, kar a bar ni ni kaɗai.