Wanda ya shigo da sunan Malam Nuhu bai yi sallama ba

Sai yau da safe na ji. Wata mata daga Taba ta zo shagona ɗaukar hoton fasfo, ina gyara mata zaman hijabi sai ta ce ai mai gyara muku kwamfuta ma Allah ya yi masa rasuwa, tun ranar Litinin aka kai shi.

Na ce wanne? Ta ce Malam Nuhu.

Na nemi benci na zauna. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Amma kafin hawaye ya zo abin ya riga ya ɗaure min kai, domin ni na ga sunan Malam Nuhu a cikin kwamfutata ranar Laraba. Da idona na gani.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai ɗan shagon nan na mata a Ikara. Ina ɗaukar hoton fasfo, ina fotokwafi, ina cike wa mata fom a intanet. Mata zalla ke shigowa, shi ya sa magidanta suke barin iyalinsu su zo, har daga Paki da Malikanchi. Hotunansu da katinansu na shaida duk suna cikin kwamfutar nan.

Tsohuwar kwamfuta ce. Da can da an soka mata filashi sai ta kwanta, in wuni ina ba mutane haƙuri. Malam Nuhu abokin maigidana ne tun suna makaranta a Makarfi. Shi ya zo ya share abin da ke kanta ya ɗora mata wata manhaja da ake kira Linux. Ya ce wannan na kowa ne, mutane da yawa suka haɗu suka yi shi, kuma ba ya yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. Tun daga ranar ba ta sake kwanciya irin ta da ba.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Ranar da ya fara buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na ce Malam, wannan ai na manya ne. Ya ce a'a Yaya, tambayarta kawai ake yi ta ba da amsa.

Akwai wata kalma da ake rubutawa in za a yi babban aiki, sudo. Ni kuma na ji suda, tsuntsuwar nan mai surutu. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce to ki bar ta a haka, dama ita ma wannan in ta fara zuba ba ta tsayawa. Har ya rasu suda muke ce mata.

Bai taɓa sa na ji kunyar tambaya ba. Firinta ta ƙi aiki, ko wuri ya cika a ciki, sai ya nuna min yadda ya gano, ya ce in yi da hannuna yana kallo. In zai zo kuma ba ya rasa ɗan ƙunshin mazarƙwaila na yara.

Da yake a Taba yake zaune, kuma da nisa, ya ce zai shirya yadda zai riƙa shiga kwamfutar daga gida ta intanet, da wani makulli da ke cikin laftof ɗinsa. Maigidana bai so ba. Ya ce yaya namiji zai riƙa shiga inda hotunan matan mutane suke? Malam Nuhu bai yi musu ba. Ya ce gaskiyarsa ce, kuma ba zai ɓoye mana ba, mai wannan makullin babu abin da ba zai iya buɗewa ba a ciki.

Sai ya ce, "To mu yi yadda ake yi a gida. Ba zan taɓa komai ba sai na yi sallama, an amsa."

Haka kuwa aka yi. Duk ranar da zai yi gyara, rubutu zai fito min a allo: Salamu alaikum masu gida, a shigo? Sai na amsa sannan ya fara. In ina da baƙuwa a gaban kamara in ce ya dakata, ya dakata. Akwai ranar da na tafi suna ban gani ba, na dawo na tarar da sallamarsa tana nan, bai yi aikin ba. Na kira na ce Malam ai da ka yi abinka. Ya ce ba a amsa ba.

Shi ne kuma ya koya min in rubuta who, wato waye da Turanci, kwamfuta ta faɗa min wanda ke ciki a lokacin.

To ranar Laraba na ga kwamfuta ta yi nauyi, fitilar modem, na'urar da ke kawo intanet, tana ta ƙyaftawa alhali ba na aika komai. Na buɗe baƙin allo na tambaya. Sunana ya fito, na Malam Nuhu ya fito a ƙasansa.

Na jira sallama. Shiru.

Ni na rubuta masa: Malam, barka da rana, ya iyali? Ba a amsa ba. Da na sake dubawa sunan ya ɓace. Na kira wayarsa, a kashe. Na yi ta tunanin ko na ɓata masa rai ne, ko sauri yake yi. Ban kawo mutuwa a raina ba ko kaɗan.

Yau da na ji, abin da na fara yi shi ne na zare wayar modem daga bango. Shi ya taɓa ce min in na ga abin da ban gane ba, in zare tukuna, tambaya ta biyo baya.

Sannan na kira matarsa, Maman Amira. Muka yi kuka tare. Ta ce zazzaɓi ne, bai daɗe yana jinya ba. Na ji nauyin tambayar, amma dole na yi. Na ce ƙanwata ki gafarce ni, laftof ɗin Malam tana ina? Ta ce ranar da aka kai shi wani mutum ya aiko cikin gida, ya ce abokin aikinsa ne, akwai ayyukan mutane a ciki, a ba shi ya adana. Tana cikin wannan hali ta ce a miƙa masa. Ba ta ga fuskarsa ba. 'Yan'uwan Malam sun ɗauka danginta ne suka san shi, danginta kuma sun ɗauka su ne.

Bayan azahar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Namiji ne, muryarsa a natse. Ya yi min gaisuwar rashi, ya ce tare suke aiki da marigayi, kuma akwai gyaran da marigayi ya fara min bai ƙarasa ba. Ya ce Madam ki mayar da intanet ɗin in ƙarasa miki.

Na ce, "Wa ya faɗa maka na cire?"

Ya ce ai ana gani. Na tambayi sunansa da garinsu. Ya ce netwok ba kyau, zai sake kira. Bai sake ba.

Ina tsoron Allah, ba zan ɗora wa bawansa abin da ban tabbatar ba. Wataƙila mutumin kirki ne da bai san yadda muke yi ba. In haka ne, kuma kana karanta wannan, ka mayar wa Maman Amira laftof ɗin mijinta a gaban 'yan'uwansa, ka faɗi sunanka. Shi ke nan abin da nake roƙo.

Ku kuma matan da kuke zuwa wurina, da mazajenku, ban so ku ji a bakin wani ba. Ban san abin da aka buɗe ba, ban san ko an kwashi wani abu ba. In wata ta ga hotonta ko katinta a inda ba ta kai ba, ko aka kira ta ana karanta mata bayananta, ta zo ta same ni. Kuma don Allah kada a ɗora wa Malam Nuhu. Yana ƙasa lokacin da aka shiga.

Ganinmu na ƙarshe a farkon daminar nan ne. Ya zo a mashin, ruwa ya jiƙa shi sharkaf, ya rufe jakar laftof da leda shi kuma ko rigar ruwa babu. Ya canza min wani abu a cikin kwamfutar da ya ce ya fara gajiya. Na kawo masa kunu ya sha a tsaye a bakin ƙofa, don akwai mata a ciki. Da zai tafi ya ce, "Yaya, bai kamata a ce ni kaɗai na san yadda ake rufe ƙofar nan da nake shiga kwamfutarki ba. In an gama noman farko zan zo in koya miki."

Na ce Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙan Malam Nuhu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da amanar da ya riƙe mana. Allah ya ba Maman Amira haƙuri, ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.

Masu turo min lamba ta inbos suna cewa za su gyara min daga nesa, na gode, amma ku yi haƙuri.

Wayar modem tana nan a zare. Makullin nan har yanzu yana buɗe kwamfutata, ban iya canza shi ba, kuma ban samu wanda zan yarda ya canza min ba tukuna.