Kunnen Wendell na Hagu

Wendell Prucha da kunne yake cin abinci. A birnin Milwaukee gishirin da ake watsa wa ƙanƙara a titi yana bin tayoyi har cikin gidajen ajiye motoci, ya tsiyaya cikin kankare, ya cinye rodin da ke ciki. In bim ya fara gajiya, wato gungumen da ke tallafe da bene, sai a kira su Wendell. Su goge fuskar kankaren da inji har ta yi tas, su shafa gam, su manna baƙin ƙyallen kabon mai ƙarfi kamar ƙarfe. Daga nan ido ya gama aiki, don ƙyallen ya rufe komai. Sai ƙwanƙwasa da 'yar guduma. Inda ya kama, ƙara ta fito ƙas. Inda ya saki, ta fito bus, sai a kewaye wurin da alli ruwan ɗorawa.

Ignace ne ya koya masa, wani masifaffen tsoho da ba ya yabon kowa. Tun rasuwarsa Wendell ya gaji gudumar.

To, ƙarar inji ta kashe masa kunnen hagu, na dama ma ya soma bi. Bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji ƙwarai, don ranar da aka gane, ranar zai ajiye aiki.

Wata safiya aka tura su wani gidan ajiye motoci, su duba wani bim da shi da Ignace suka naɗe da ƙyallen tun da daɗewa. Ya ƙwanƙwasa. Daga cikin kankaren aka amsa masa, da irin bugun Ignace, mai sauri kamar na mai jin haushi. Kuma a mataccen kunnen ya ji. Ya zaro alli ya kewaye wurin.

Doreen, shugabar aikin, ta karɓi gudumar ta buga.

"Wendell, lafiya lau yake. Ko giyar jiya ce ba ta sake ka ba?"

"Yanka ki gani."

"In muka yanka aka tarar ya kama fa? Tsoho, na daɗe ina lura da yadda kake bin bakina da ido in ina magana."

"Na ce yanka."

Aka yanka. Da ƙyar aka ɓamɓare ƙyallen, ya kama ƙam, ko tsinin allura ba zai shiga ba. Wendell ya yi kuskure, kowa ya gani. Amma ba wanda ya yi dariya. A ƙarƙashin gam, a kan kankaren da shi da kansa ya goge tas a wancan lokaci, ga da'irar alli ruwan ɗorawa, daidai da wadda ya zana a waje.

Doreen ta daɗe tana kallo. Ta ce a sake rufewa. Wendell ya miƙa mata gudumar, alamar ya ajiye aiki, ita kuma ba ta ce ya riƙe ba.

Yanzu kunnen dama ma ya tafi. Matarsa Lorna sai ta taɓa kafaɗarsa kafin ya juyo, jikokinsa su yi ta ihu bai san suna yi ba. Amma in Lorna ta shiga da shi a mota ƙarƙashin wancan gidan ajiye motocin, sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Na ji, Ignace, na ji." Lorna ta daina ajiye mota a can.