Riga Mai Lamba Tara

Mu uku ne muke kiran kanmu 'yan jaridar ƙwallo a Daura, kuma har yau ban san wanda ya naɗa mu ba. Ofishinmu wani benci ne a gefen fili, mai gajeriyar ƙafa ɗaya da sai an tokare ta da bulo. Ni malamin firamare ne da safe, da yamma kuma in rubuta labarin wasa in tura wa wata jarida da takan buga shi idan ta rasa abin cike gurbi. Na biyunmu matashi ne mai shafi a Fesbuk, wanda a wurinsa babu ƙaramin wasa. Ko yaran unguwa ne suka tashi babu ci, shi zai rubuta cewa an yi gumurzu har ƙasa ta girgiza. Na ukun shi ne babbanmu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, Malam kawai muke ce masa. Shi ne mai rediyo. Duk yammacin da ake wasa, wani gidan rediyo a Katsina yakan kira wayarsa a cikin shirin wasanni, ya ba da rahoto kai tsaye daga fili.

Malam ba shi da sauƙin zama. Da babbar riga yake zuwa kallon ƙwallo, wai wanda zai yi wa jama'a magana ba ya zuwa a wulaƙance ko da ba sa ganinsa. Ba ya shan rake, ba ya cin gyaɗa, sai ruwan citta mai ɗumi a filas, duk don kada murya ta dushe. Idan ka faɗi abu ba daidai ba zai gyara maka a gaban kowa, idan ka faɗa daidai kuma zai ce ai shi ya koya maka. Na sha yin fushi da shi in koma ƙarshen benci, amma bencin gajere ne.

Abin da ya sa ake haƙuri da shi ɗaya ne: ba ya kuskuren suna. Idan yaro ya ci ƙwallo, Malam zai faɗi sunansa, da na ubansa, da ƙauyensu, wani lokaci har da sana'ar gidan. Manoman da ba su damu da ƙwallo ba sukan rataye rediyo a reshen itace don kawai su ji ko za a ambaci ɗansu. Kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne a irin wasanninmu. Yawancin ƙungiyoyinmu riga goma sha ɗaya gare su cif. Idan za a yi canji, wanda zai fita shi zai tuɓe rigarsa da guminta ya miƙa wa mai shiga. Don haka lamba ba ta gaya maka komai. Mai lamba tara kafin hutun rabin lokaci yana iya zama wani mutum daban bayan an dawo. Malam yakan ce lamba ta baƙo ce, shi daga gudun yaro yake gane ɗan gidan wa ne.

Ni na fara lura idonsa ya soma tafiya. Sai na ga ba ya magana sai 'yan kallo sun yi ihu, sannan ya bi ihun. Wata rana da aka tashi na tsaya har mutane suka watse.

"Malam, idon nan fa."

"Wane ido?"

"Naka. Ɗazu alƙalin wasa ka yi wa sallama da sunan mai rake."

"Rana ce ta haske ni."

"Ranar da ta riga ta faɗi?"

Ya daɗe yana ɗaure murfin filas ɗinsa. Daga baya ya ce yanar ido ce ta rufe masa ido biyun, likita ya ce sai an yi aiki a Kano, a kuma huta na wani lokaci. Na ce to me ake jira? Ya ce a bari a gama wannan gasar. Gasar ta ƙare, wata ta fara, ya ce a bari a gama ita ma. A ƙarshe ya faɗi gaskiya.

"Kai yaro ne, ba ka sani ba. Ranar da suka kira ban ɗauka ba, wani za su kira. Ranar da suka ji ba na gani, ba za su ƙara kira ba ko da an wanke idon. Ni kuma in ka cire wayar nan daga hannuna, me ya rage? Tsoho a gindin darbejiya yana korar ƙuda."

Ya roƙe ni in rufa masa asiri, shi da bai taɓa roƙona komai ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har cikin raina. Daga ranar na zama idonsa. Ina zaune a damansa, in an yi canji in raɗa masa wanda ya fita da wanda ya shiga, in an ci in raɗa masa suna, shi kuma ya ɗora uba da ƙauye daga kansa. Matashin namu ma ya gane, kuma in ba shi haƙƙinsa, wannan ne abu ɗaya a duniya da bai taɓa sakawa a shafinsa ba.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, ana ta ɗaurin gero. Wasa biyu suka haɗu a yini ɗaya. A Daura ƙungiyar gari za ta kara da ta Sandamu, a Kwangwalam kuma akwai wasan sada zumunci tsakanin samarin wannan gefen iyaka da na wancan, kuma jaridata ta ce shi take so. Kafin in tafi na ja matashin gefe na ce kada ya tashi daga kusa da Malam. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ina cikin motar dawowa direba ya ƙara sautin rediyo. Muryar Malam ce, amma ba irin ta kullum ba, babu kirari, babu jan magana. Ya ce an tsayar da wasa, wani ɗan wasan Sandamu ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, an ɗauke shi zuwa asibiti ba ya motsi. Ya faɗi sunansa da na ubansa da unguwarsu. Ɗan wasan gaban nan ne da kowa ya sani, mai lamba tara. Ya ce duk wanda yake kusa da iyayensa ya sanar da su, su nufi asibiti. Motar ta ɗauki salati. Ni ma ban yi shakka ko kaɗan ba, ni da na fi kowa sanin halin idon mai maganar. Haka muryarsa take.

Da na isa asibiti, mutum na farko da na gani a tsaye shi ne wanda aka ce ya faɗi. Yana sanye da singileti, idon sawunsa ɗaure da tsumma, mahaifiyarsa ta riƙe shi tana shafa fuskarsa, tana kuka tana dukan ƙirjinsa. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. A gefe kuma ga wani ɗan kudu mai shagon kayan gyaran babur, wanda ba ya fashin kallo, shi ne ya ɗauko yaron da ya faɗi a motarsa. Shi ya ba ni labari da Hausarsa.

"Malamin makaranta, ba shi ba ne. Wannan ya fita tun hutu, ƙafa na ciwo. Ya ba wani riga. Sabon yaro, ba ya magana sosai. Shi ne a ciki."

A gindin itacen da 'yan wasa suke hutawa aka yi canjin, can ɗaya gefen filin. Matashinmu kuwa tun da aka dawo ya koma bayan raga da wayarsa, wai yana jin za a ci ƙwallo mai kyau. Da yaron ya faɗi, Malam ya ji filin ya yi wani irin shiru, ya tambayi mutumin da ke tsaye kusa da shi lamba nawa ce a ƙasa. Aka ce tara. A daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara. Da ya gane kuskuren ya kira su don ya gyara, amma an riga an rufe shirin. Magana zarar bunu ce.

Yaron ya farfaɗo na ɗan lokaci. Waɗanda ke kansa sun ce babansa kawai yake tambaya. Ya rasu tsakanin magariba da lisha. Mahaifinsa ya iso a bayan babur bayan an rufe shi da zane.

Na sami matashinmu a bayan ɗakin da aka kwantar da yaron yana zaune a ƙasa, na gaya masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Kuka yake. Na juya in yi wa Malam nasa, sai na gan shi a kan dakali da babbar rigarsa, yana riƙe da wayar a cinya, yana kallon inda ba kowa. Na kasa. Na raka shi gida.

Abin mamaki, babu wanda ya zarge shi. Kowa ya san matsalar rigunanmu, kowa ya ce a cikin ruɗani ko waye zai iya yin haka, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gidan rediyon ya gyara sunan washegari, suka kuma ce da shi suna jiransa a wasa na gaba. Asirinsa yana nan a rufe. In faɗi gaskiya, na ji sanyi da hakan, kuma na ji haushin sanyin.

Ranar sadakar uku na goya shi a babur muka tafi gaisuwa, wani ƙauye ne a bayan Sandamu. A hanya na ce masa, "Malam, addu'a kawai za mu yi mu taso. Ba sai ka ce komai ba." 

Tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, cike da mutane. Kocin ƙungiyar yana nan, da masu shirya gasar, da 'yan wasa sun jeru a jikin katanga. Malam yana yin sallama wani siririn dattijo ya ɗago kai. Mahaifin ne. Bai taɓa ganin Malam ba, amma ya gane muryar. Ya matsa da kansa ya ba shi wuri kusa da shi. Aka yi addu'a, aka shafa.

"Malam, ai da kai nake yini," in ji shi. "Rannan ma ina gona ina ɗaure gero, rediyo na rataye. Na ji ka faɗi suna. Can sai ga maƙwabcina da waya, ya ce wani ya kira, maganar na yankewa, kamar dai nawa ne ya faɗi. Na ce masa a'a, Malam ya faɗi suna da uba, ba nawa ba ne. Har addu'a na yi wa ɗan mutane, na koma kan aikina."

Ba da zafi ya faɗa ba, kuma da ya yi zafin da ya fi mini sauƙi. Mutane suka shiga cewa sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ya ce haka ne, ko yana wurin ba zai ƙara masa numfashi ɗaya ba. Ya murza carbi, sannan ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Malam.

"Abu ɗaya nake so. Ni ban taɓa zuwa na ga yana bugawa ba. Kullum yana cewa Baba ka zo, ina cewa sai an gama aiki. An ce rannan ne karo na farko da aka sa shi a babban wasa. Kai da kake wurin, ka gaya mini. Ya iya kuwa? Yaya ya yi kafin ya faɗi?"

Na san Malam. Da ya so, da ya zana masa wasan nan tsaf, yadda yaron ya karɓi ƙwallo, yadda ya yanke mutum biyu, yadda 'yan kallo suka miƙe, kuma babu wanda zai ƙaryata shi a zaman makoki. Na matso kusa da kunnensa in ce ya faɗi ko da kalma biyu ce, sai ya ɗora hannu a gwiwata ya danne.

"Ban gan shi ba," in ji shi.

Mahaifin ya ce, "Na'am?"

"Ban ga ɗanka ba, bawan Allah. Ban ga shigarsa ba, ban ga faɗuwarsa ba. Na daɗe ba na ganin komai a fili sai inuwa. Wasu ke gaya mini, ni kuma in faɗa kamar na gani. Rannan lamba na tambaya, na ɗora suna a kai. Ba ruɗani ba ne. Ido ne ba ni da shi, na ɓoye."

Da muryarsa ta rediyo ya faɗa, wadda ake ji har ƙarshen tabarma. Na ga kocin ya sunkuyar da kai, masu shirya gasar suka dubi juna. Kafin la'asar labarin zai kai Katsina, kuma Malam ya fi ni sanin haka.

Mahaifin ya daɗe yana kallon idanun Malam. Sannan ya dube ni, ya dubi sauran mutanen da ke zaune.

"To wa ya gan shi?"

Ni a ranar ina Kwangwalam.  Wasu baƙi suka iso suka yi sallama, aka ce a yi fatiha, muka ɗaga hannu.