Gurun ɗana

Shekarar da gero ya ƙare a Zongo, soji na kan mulki, wata sosiyete mai haƙar ma'adini a arewa ta ɗauki nauyin lakwal ɗin ɗana, wato makarantar bokonsu. Ta yi fenti, ta kawo tebura, ta sa aka rage waƙa da wasa aka ƙara lissafi, wai masu aikin inji take so nan gaba. Direkta kansa sai abin da suka ce. Kowace safiya ana ba yaro kofin madara da biskit, amma a gaban mutanen sosiyete zai shanye. Ƙarshen wata su ɗora yara a sikeli. Wanda bai ƙaru ba, sai su ce gidansu na karkatar da abincin, a cire shi. Kuma lokacin, mai karkatar da taimako soji ke zuwa ɗaukarsa.

Ni kuwa nonona ya ƙafe, ga jaririya. Ban aiki ɗana ba, wallahi. Shi ya fara fakar idonsu yana juye madarar cikin gwangwanin tumatir, ya dawo da ita a ƙasan jakarsa.

"Inna, ki ba ta. Ni na ƙoshi."

Ƙarya yake, wuyansa kamar sillen kara. Na karɓa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko soji ne.

Da awo ya matso, na je wurin baduku da guntayen ƙarfe da na tsinto bakin gareji, ya ɗinke su cikin guru, irin wanda ake ɗaura wa yara a ƙugu don tsari. Bai tambaye ni komai ba.

Ranar awon na ɗaura masa, na laɓe jikin katangar lakwal ina leƙe. Mutumin sosiyete ya ce a tuɓe riguna, da aka zo kan ɗana ya nuna gurun da biro. Mushe, malamin ajinsu, wani Badamagare, ya sa hannu ya ɗaga shi kaɗan. Na ga ya ji nauyin.

"Patoro, ranka ya daɗe, wannan tsari ne," in ji mushe. "Ni dai ba zan kwance ba. In kai za ka iya, bismilla."

Mutumin ya janye hannu. Aka auna, aka wuce.

Da aka tashi mushe ya biyo ta gefena, bai dube ni ba.

"Uwar yaro, wata mai zuwa sai ya fi haka nauyi fa."

Da muka isa gida na kwance gurun. Ya saɓule masa fatar ƙugu. Na shafa man kaɗe, jaririya na tsotsar madara a cokali, ina tunanin inda zan samo wani ƙarfen.