Ranar da Na So a Kira Ni Mushe

Ana sallame sallar asuba ranar Lahadi muka kama hanyar tasha, ni da wani abokin aikina, muka nufi Jibiya daga Katsina. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Makarantar da muke koyarwa ta samu 'yan kwamfutoci, shugabanmu kuma ya ce ranar Alhamis zai ba da sabon ajin kwamfuta ga duk malamin da ya nuna masa ya iya manhajar nan da yara ke haɗa wasa da ita. Ba a rubuta dogon umarni a cikinta. Tubala ne masu launi, kana jawo su kana ɗora wani kan wani, sai ɗan hoton da ke kan allo ya yi tafiya ko ya juya. Ni ne malamin lissafi, don haka a raina ajin nawa ne, saura kawai in koya.

Koyon ne ya gagara. Mako biyu ina neman darasin 'yan farko a waya. Wanda na samu, ko dai Turancinsa gudu yake kamar ana kora shi, ko ya fara daga tsakiya, ga data tana zuba. Ana haka wani malami daga Maraɗi ya turo saƙon murya a zaurenmu na malamai, ya ce yana zuwa Magama, bakin iyakar Nijar gaba da Jibiya, ranar Lahadi, in same shi ya ba ni kile, komai na ciki. Na tambaya, aka ce kile makulli ne da Faransanci. Nan take na hango ɗaki cike da littattafai, na naɗe babbar jakar bakko na sa a hammata. Abokin nawa kuwa malamin Hausa ne, ya biyo ni ne kawai don ya gaida gwaggonsa.

Kuɗin mota ya hau har ba na son tunawa, kuma mutum huɗu aka cusa mu a baya. Shingayen jami'ai ba sa ƙirguwa, kafin mota ta ɗauki gudu an sake tsayawa. Wajen Daddara gero ya yi kai, kore shar ko'ina, ga masu babura ɗauke da buhuna suna ta kwarara zuwa kasuwa. Wani dattijo kusa da ni ya rungume zakaransa tun daga tasha, zakaran kuma bai daina kallon jakata ba.

Magama ta cika maƙil. Manyan motoci sun yi layi, 'yan canji suna ta kiran mutane, Hausar ma ta sauya launi, kowa "mi kaka so" yake ce maka. Muka zauna teburin mai shayi, aka kawo mana dogon burodin nan na Nijar mai ɓawo, wanda sai ka yi da gaske kafin ka gutsura. Na jiƙa shi a shayi, na yarda ya fi namu daɗi, amma ban faɗa ba.

A nan malamin ya same mu, dogon mutum mai fara'a, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko ɗakin da nisa. Ya dube ni, ya dubi bakkon, ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro filash, bai kai ɗan yatsana ba.

"Ga kile ɗin nan, Malam. Komi na ciki."

Mai shayi ya yi dariya har da riƙe ciki. Na tura bakkon ƙarƙashin benci da ƙafa.

Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana. Wallahi abin da nake nema ne: darasi ɗaya bayan ɗaya, da hotuna, daga yadda ake jawo tubalin farko, ga manhajar kanta wadda ba ta buƙatar data. Sai dai kaf da Faransanci aka rubuta. Ina cikin zare ido sai na ji abokina yana karantawa a bayana, tiryan-tiryan. Shekara shida muna aiki tare, ban taɓa sanin mahaifiyarsa 'yar Maraɗi ba ce, a can ya yi firamare. Ya ja kwamfutar gabansa, ya ɗora tubali huɗu, ɗan hoton ya taka ya juyo. Mutumin da ko wayarsa ni nake saita masa!

Baƙon namu ya tafa hannu ya ce, "Kai, Mushe! Ashe kai namu na."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni, na ɗauka zagi ne. Sai na ga abokina yana murmushi yana sunkuyar da kai. Ashe a Nijar haka ake kiran malamin boko, girmamawa ce. Daga nan fa Mushe kaza, Mushe kaza, sun haɗa kai suna ta yare, ni da na shirya tafiyar an bar ni da Malam da ragowar burodi. Ban taɓa zaton zan zauna ina jin haushi don ba a kira ni mushe ba. Hassada ce, na san sunanta, kuma ta cika mini ciki har shayin ya fita raina.

Da za mu rabu, ni aka miƙa wa filash ɗin, tunda ni na nema. Abokina ya je ya gaida gwaggonsa, muka kamo hanya bayan azahar. Daf da shiga Katsina ya ce in ara masa ya kwafa. Na lalube aljihu ɗaya, na lalube ɗayan, na ce, "Inna lillahi, kamar ya faɗi a Magama." Ya ce Allah ya mayar da alheri.

Da la'asar ina gida, na kulle ƙofa na sa filash a kwamfuta. Na kalli darasin farko har aka kira magariba. Na gane launuka, na gane lambobi, ban gane kalma ko ɗaya ba. Ga abin a hannuna, ga wanda zai iya karanta shi, ni kuma na tsaya a tsakani kamar shinge.

Litinin da safe na ajiye wa abokina filash ɗin a kan tebur a ofishin malamai, na fara kame-kame. Ya ce, "Malam, ai na sani. Tun daga Magama hannunka bai bar aljihun nan ba." Sannan ya yagi takarda, ya zauna ya rubuta mini ma'anar kowane tubali da Hausa.

Ranar Alhamis shi aka ba ajin, kuma ya cancanta. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara shida ina zaune kusa da mutum ban taɓa tambayarsa abin da ya sani ba, don na riga na yanke cewa na fi shi. Takardarsa tana wurina, da ita nake koyo, jiya ma na sa ɗan hoton ya zagaya allo. Amma kada ku ɗauka na warke. Har yau, in na jiyo muryarsa daga ɗakin kwamfuta yara suna shewa, tashi nake in rufe tagar ajina.