Jakar da na rataye a rumbun Iya Hajara

Duk shekarun da na yi ina malamin gona, ban taɓa mantawa da ranar da na kai jakunkunan maganin murzuna wani ƙauye kusa da Zermu ba. Murzuna tsutsa ce. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne ke zuba ƙwai a kan gero in ya fid da kai, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta bi zangarniya tana ci.

Maganin da biro, wato ofishinmu, ya ba mu ba na feshi ba ne. 'Yar jaka ce ta algarara, a ciki akwai gero, da wata tsutsar ajiya da muke kiwo, da wani ƙwaro da bai kai sauro girma ba. Ƙwaron yana hayayyafa a jikin tsutsar, 'ya'yansa su fita ta ramukan jakar su bi gonaki suna kashe murzuna. Ƙa'idar aiki ita ce a tara mutane a yi masu bayani kafin a rataye ko ɗaya. Shugabanmu ma sai da ya maimaita mini.

Ni kuwa hadari ya haɗo, ga ƙauyuka biyu a gabana, ga ni da jin kai na sabon ma'aikaci. Na yi wa maigari bayani a tsaitsaye, na rataye jakunkuna, na hau moto. Jaka ta ƙarshe a rumbun Iya Hajara na sa ta. Mijinta ya rasu, gonarta ɗaya ce can bayan gari, da ita take ci da jikoki uku. Jakar rumbunta ce kaɗai ke kusa da gonar. Tana tsakar gida tana daka, sallama kawai na yi mata.

Da kaka na koma rubuta rapor, wato rahoton aikin. Gonakin gari da dama-dama, tata kuwa zangarniya duk ta zube. Na tambayi Iya Hajara ina jakar. Ta ce ai ranar ta kwance ta, ta ga tsutsa cikin gero a bakin rumbunta, ta zazzage wa kaji. Duk manomin kirki abin da zai yi ke nan.

Sai a lokacin na zauna na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ɗana, wannan maganar duka ba ta kai dahuwar shayi ba. Ina nan ranar.”

Ba ta yi faɗa ba, har fura ta dama mini, na kasa sha. Tun daga ranar ban sake taɓa rumbun kowa ba sai na zauna a tabarmar mai shi. Amma hatsin Iya Hajara na shekarar nan bai dawo ba.