Gurbin 'Yar Madam

Na yi gyaran kwamfuta da yawa a rayuwata, wasu ko wurin ma ba na iya tunawa, amma akwai guda ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba. Abin haushin kuma shi ne gyaran ya yi kyau, babu wanda zai duba ya ce na yi kuskure.

A lokacin ina zaune a Fagge, ina kula da kwamfutocin wani shago a Sabon Gari, inda ake buga katin biki da kalanda da takardun da 'yan kasuwar Singa ke mannawa a jikin kwali. Mai shagon 'yar ƙabilar Ibo ce, Madam muke ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, in ta buɗe baki da Hausa sai ka rantse a cikin birni aka yanke mata cibiya. Ni kuwa Injiniya take kirana, rabi girmamawa rabi tsokana, don ta san yadda nake ji da kaina.

Duk aikin shagon yana cikin babbar kwamfuta guda da muke kira saba, a ƙarƙashin teburin Madam. Sauran kwamfutocin ta waya suke shiga cikinta su ɗauko fayil. Wanda ya haɗa ta tun kafin zuwana ya yi mata wani tsari na ɓarna. Duk wanda ya shiga da sunansa, sai ta ware masa ƙaton gurbi a memori, wato ƙwaƙwalwarta, ta riƙe masa har sai ya fita da kansa. Ko ya kashe kwamfutarsa ya yi tafiyarsa, ko an ɗauke wuta an dawo da ita, gurbin yana nan da sunansa. Kamar mai abincin da za ta zuba wa kowa kwanonsa tun safe, ko ya zo ko bai zo ba.

Da ƙarshen shekara ya zo, bukukuwa suka taso, aka ƙaro ma'aikata, sai memori ya ƙare. Saba ta riƙa sandarewa, ga masu kati sun cika benci suna tsaki. Ƙara mata memori ba zai yiwu ba, ta tsufa. Madam ta ce, "Injiniya, ka yi wani abu don Allah, mutanen nan za su cinye ni ɗanya."

Ranar Lahadi, tana coci, na zo na zauna na sauya tsarin. Na ce daga yau ba a ware wa kowa komai sai ya nema. Wanda ya shigo a ba shi daidai buƙatarsa, in aikinsa ya ƙaru a ƙara masa, in ya yi shiru na rabin awa a karɓe gurbin a ba wani. Ina gamawa, tsofaffin sunayen da ke jerin da saba ke nunawa na waɗanda suke ciki suka fara ɓacewa. Na ƙarshe sunan wata mace ne da ban sani ba, an nuna ta shiga kusan shekara biyu ba ta fita ba. Har dariya na yi, na ce baiwar Allah kin sha zama, tashi haka.

Ranar Litinin saba ta zama kamar sabuwa. Ma'aikata sai yaba mini suke, ni kuma kai ya kumbura. Madam ta iso, ta ajiye jaka, ta buɗe jerin nan kamar yadda take yi kowace safiya. Ni duk zatona makararru take dubawa. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Injiniya, ina sunan da yake can ƙasa?"

Na ce, "Ai shi ne babban mai cin memorin, Madam. Na sallame shi."

Ta zauna a hankali. Ta ce 'yarta ce, ita kaɗai gare ta. Ita ce mai zanen shagon a da. Sun yi faɗa a kan tafiya Legas, maganganu suka yi zafi, yarinyar ta tashi daga kan kujera ta ɗauki jaka ta nufi tasha, ko fita daga kwamfutar ba ta yi ba. Tun ranar ba ta kira ba, in an kira ba ta ɗauka. Madam ta ce, "Kullum da safe nakan ga an rubuta tana ciki. Da shi nake fara wunina."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Madam, ai ba korar ta aka yi ba. Duk ranar da ta dawo ta nema, nan take za a ba ta gurbi, wallahi ko ƙiftawar ido ba za a yi ba."

Ta dube ni ta ce, "Ta nema? Injiniya, a garin nan aka haife ni, amma har yau in na je cike takarda sai an tambaye ni ina ne garinmu. Na san yadda nema yake. Wanda sai ya nema ake ba shi wuri, baƙo ne. 'Yata ba baƙuwa ba ce a shagon nan."

Na koma bakin aikina. Da ta fita da rana, na lallaɓa na shiga da sunan yarinyar, na hana saba ta karɓe gurbin. Sunan ya dawo, amma da kwanan watan ranar. Madam na dawowa ta gani, ta ɗan yi murmushi ta ce, "Cire shi, ɗana. Wancan ita ta bar shi a buɗe da hannunta. Wannan kai ne."

Na cire. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta sake tayar da maganar ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da na lura kawai shi ne daga ranar ba ta sake buɗe jerin nan ba. Takan zo ta ajiye jaka, ta kalli titi na ɗan lokaci, sannan ta fara aiki.

Bayan kamar shekara guda ta sayar da shagon ta koma kudu, garin iyayenta da ba ta sani ba sai lokacin Kirsimeti. Lambarta ta daina shiga. Ban san ko sun shirya da 'yarta ba, kuma wannan rashin sanin yana damuna har yau. Wayoyi ake sayarwa a wurin yanzu. In na bi ta layin nakan rage gudu, ina kewar Madam ƙwarai, ina kewar tsokanarta da dariyarta.

Har gobe da wannan tsarin nake aiki, don shi ne daidai ga na'ura. Amma na koyi cewa ba duk wurin da ka gani babu kowa ne ya zama na banza ba, wani wurin jiran mutum yake yi. Kafin na share suna yanzu, komai daɗewarsa, sai na tambaya na wane ne, da kuma wa yake duba shi.